Kifin Toussaint a Ƙarƙashin Ƙota

A Cheratte, garinmu da ke kusa da Liège, ba a ambaton sunan Norbert Wathelet sai an bi shi da tsaki. Ya daɗe da barin aikin duba tikiti a motocin bas, amma har gobe idan ya shigo gidan burodi za ka ga tsofaffin mata sun hau laluben jaka ba su ma san suna yi ba. Dogo ne, busasshe, kullum rai a haɗe, kuma duk tsawon aikinsa bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba. Ya ci tarar limamin coci. Ya ci tarar mace mai tsohon ciki. Ya ci tarar gwaggonsa, wadda ta yi masa wanka yana jariri, ran da take dawowa daga asibiti, sannan ya ce ta matsa ciki ta daina tare wa mutane ƙofa. Shi yana kiran wannan riƙon gaskiya. Mu kuwa baƙin hali muke kiransa, kuma ba mu canza ra'ayi ba.

An haife shi a ɗaya daga cikin ƙananan gidajen jan bulo na kan tudu, waɗanda kowannensu yake da tsohuwar maƙera a baya, an mayar da ita ɗakin kaji ko ma'ajiyar gawayi. A zamanin kakanni duk kwarin nan ƙirar bindiga ake yi a gida. 'Yan kasuwar Liège su aiko da ɗanyen ƙarfe, wannan gida ya huda, wancan ya bi da magagari, na gaba ya sassaƙa ƙota, mata su goya a kwando su kai birni. Sunan da ake bugawa a saman bindiga na ɗan kasuwa ne, in ma an buga. Wanda ya zubar da gumin, idan yana so a san ya taɓa zuwa duniya, sai ya ɓoye ɗan tambarinsa a jikin ƙarfe ƙarƙashin ƙota, inda ba mai gani sai wanda ya kwance itacen.

Kakan baban Norbert, Toussaint Wathelet, yana cikin masu haɗa libarba irin ta dā, wadda harsashinta yake da ɗan fil yana leƙowa ta gefe, guduma ta sare shi daga sama. An daina yayinta tun kafin a haifi kowa a cikinmu. Tambarin Toussaint ɗan kifi ne da bai fi ƙwayar shinkafa ba, wutsiyarsa a karkace. Babu bindigarsa ko ɗaya da ta rage a dangi. Abin da ya rage injin niƙa kofi ne na matarsa, wanda ya buga wa kifin a mariƙi, shi ne ya gangaro har hannun mahaifiyar Norbert. Da shi Norbert ya tashi, yana niƙa kofin safe, babban yatsansa a kan kifin.

Bayan rasuwar mahaifiyarsa ne neman bindiga mai kifin Toussaint ya kama shi. Wata Lahadi a kasuwar bakin kogi ya ga irin libarbar a cikin kwalin tarkace, tsakanin cokula da kan 'yar tsana. Ya ɗauka, ya fiddo sukundireba daga aljihu, sai mai kayan ya buge masa hannu. A ranar ya koyi dokar da duk masu tara tsoffin makamai suka sani: ba ka sa sukundireba a bindigar wani. Tsohon noti ne, itacen ya bushe, in ya tsage wa zai ɗauka? Kana son ganin ciki, saya ka je gidanku ka buɗe. Norbert ya saya, ya kai gida, ya buɗe. Tambarin wani ne can, tauraro da harafi biyu. Ya mayar da ƙotar, ya buga ƙusa a bango ya rataye.

Haka tarin ya fara, kuma haka ya ci gaba. Mutane suna zuwa su ga bango cike da bindigogi su ce kai, wannan mutum yana son abin nan. Ba so ba ne. Kowace ɗaya a bangon nan haushi ce da ya saya ya rataye. Falo ya cika, ya shiga baranda, ya hau matakala. Ran da ƙusa ta farko ta shiga bangon ɗakin kwana, matarsa Léonie ta haɗa kayanta ta koma wurin ƙanwarta a Verviers. Bai bi ta ba. Washegari ya mayar da kabad ɗin kayanta wurin ajiyar mai da tsummoki.

Wanda ya buɗe ɗaruruwan bindigogi, ko jaki ne zai san wani abu, Norbert kuwa ba jaki ba ne. A hankali ya zama idon ƙungiyar masu tara tsoffin makamai da ke zama a ɗakin bayan wata mashaya a Jupille. Duk wanda ya sayi abu sai ya kawo masa. Ya sa gilashinsa mai ido ɗaya, ya juya bindigar, ya yanke hukunci ba tare da ya dubi fuskar mai ita ba. "An cuce ka." "Gudumar ba tata ba ce." "Wannan ko ƙofa ba za ta tokare ba." Yana jin daɗin faɗar haka, ana gani a gefen bakinsa. Amma bai taɓa ƙarya a kan bindiga ba, ko don aboki, wanda dama ba shi da shi, ko don kansa. In Norbert ya ce mai kyau ce, magana ta ƙare. Ba mai sonsa, kowa kuma yana bukatarsa, shi kuwa wannan ya fi masa a so shi.

Mutum ɗaya ne ba sa shan inuwa ɗaya da shi ko da wasa, shi ne Cyrille Wathelet, ɗan ƙanin babansa. Gajere, mai tumbi, mai dariya, yana da shago a Wandre inda ake goge ƙarafan mota a shafa musu ruwan azurfa su riƙa sheƙi. Shi ma yana taɓa cinikin tsoffin bindigogi, sai dai duk wadda ta shiga hannunsa sai ya ɗora ta a kan injin goge ƙarfe ya kankare tsatsar shekaru tas, ya tsoma ta a ruwan azurfa, ta fito tana walƙiya. A wurin masu tara kaya wannan kisan kai ne. Duhun da ƙarfe ya yi da tsufa shi ne shaidarsa, in ka goge ka goge shekarun. Cyrille ko a jikinsa.

"Kakanninmu ba su ƙera bindiga mai tsatsa ba," in ji shi. "Fes suke fitar da ita. Ku ne kuke bautar dauɗa."

"Gwangwani kake sayarwa," in ji Norbert. "Ka koma kan bambar motoci, can ne hankalinka ya tsaya."

Da abin ya tsaya a nan, da ba komai. Sai wata shekara a babbar kasuwar makamai da ake ci a zauren wasanni, Cyrille ya baje wata libarba mai ɗauke da sunan wani babban maƙerin Faris, har wani Bajamushe ya sa hannu a aljihu. Norbert ya zo wucewa, ya duƙa, ya duba. Zai iya jan ɗan'uwansa gefe ya raɗa masa. Ina. Ya miƙe ya ɗaga muryar nan tasa ta cikin bas, ya ce a zo a ga abin kunya, an buga haruffa a kan ƙarfen da aka riga aka goge, gefunansu ma ba su kwanta ba. Mutane suka juyo. Bajamushe ya sulale. Matar Cyrille da 'yarsa suna tsaye a bayan tebur suna sayar da waina. Ƙungiya ta kori Cyrille, aka hana shi tebur a duk kasuwannin da take da baki a ciki. Gaskiya Norbert ya faɗa, haruffan jabu ne. Amma ya koma gida ranar yana fito, wanda bai taɓa yi ba ko ran aurensa.

Shekaru suka shuɗe ba su ce wa juna ko sannu ba. A jana'izar dangi ɗaya yana wannan gefen kabari, ɗaya yana wancan.

Wata Juma'a da safe a kasuwar tsoffin kaya ta Outremeuse, inda kowa ke shimfiɗa bargo a ƙasa ba ruwan ƙungiya, ana yayyafi, Norbert yana bin layi yana hararar kayan mutane, sai ya ji an kira sunansa. Cyrille ne zaune a bayan motarsa, ya buɗe but, yana shan kofi a murfin flas.

"Zo ka ga wani abu, ɗan'uwa. Ba cizo nake yi ba."

"In gwangwani ne, na ga irinsa a kwandon shara da na fito."

"Ban taɓa ta ba tukuna. Da dauɗarta, yadda kake so."

Ya warware wani tsohon tawul. Ƙaramar libarba ce ta aljihu, ba suna, ba ado, ta yi duhu kamar gindin tukunya, irin waɗanda Norbert yake da su birjik. Cyrille ya ɗauko sukundirebarsa, tunda tasa ce, ya kwance notin a hankali yana kallon Norbert ba bindigar ba. Ya ɗaga itacen, ya miƙo ƙarfen cikin haske, bai saki ba.

Norbert ya sa gilashi. Kifin yana nan, wutsiyarsa a karkace.

Ya ƙara matso da gilashin. Abin da ya cinye masa ƙuruciya da aure yana gabansa, a hannun mutumin da ya fi tsana a duniya. Ya so ya ɓoye abin da ke ransa, amma ya kasa ɗauke gilashin daga kan ƙarfen.

"A ina ka samo ta?"

"A duniya." Cyrille ya janye, ya mayar da ƙota. "Ya isa haka, kada idonka ya cinye ta."

"Faɗi abin da kake so."

"Au, yau kuma ni ake tambaya abin da nake so? Ka riƙe kuɗinka, Norbert, ka sayi fara'a da su in ana sayarwa. Bangonka ma duka ba na so. Ka san dokar ƙungiyarku. Wanda aka kora ba ya dawowa sai wanda ya zarge shi ya tashi a gaban kowa ya janye. Liyafar shekara ta kusa. Ka tashi ka ce ƙarya ka yi mini."

"Ba ƙarya na yi ba, kai ma ka sani."

"Ni ban san komai ba, mai goge bamba ne ni." Ya kurɓi kofi. "In ka faɗa, taka ce, a wurin zan miƙa maka. In ba ka faɗa ba, ranar Litinin ta hau inji. Ka san aikina, ba na barin lungu, har ƙarƙashin ƙota nake bi. Za ka ga fuskarka a jikinta, in kana son ganin irin wannan fuska. Kifi kuwa sai ka neme shi a kogi."

"Kakanka ne kai ma, tsinanne."

"Shi ya sa zan wanke masa ita."

Norbert ya juya ya tafi. Har ya kai tashar bas bai lura ya bar lemarsa a jingine da motar Cyrille ba, bai kuma koma ya ɗauka ba.

Mutum ɗaya ya gaya wa, yayarsa Ghislaine, wadda take kawo masa miya duk Alhamis tun da Léonie ta tafi, ba don ƙauna ba sai don ta yi wa mahaifiyarsu alkawari. Ta saurare shi a tsaye, ko kwat ɗinta ba ta cire ba.

"Sha miyarka tun da zafi, ka daina zancen banza," ta ce. "Tsohon ƙarfe ne. Toussaint ya mutu, bai san ka ba, da ya san ka ma da bai so ka ba."

"Ba ki gane ba."

"Na gane sarai. Ba ka da mata, ba ka da ɗa, ba ka da aboki. Kare ma da ka ɗauko ya tsallake katanga ya koma gidan maƙwabta. Abu ɗaya ne yake sa a ƙwanƙwasa maka ƙofa, an ce ba ka ƙarya. Shi za ka kai wa Cyrille? Wa zai sake kawo maka ko wuƙar yanka burodi ka duba?"

"Za su gane dalili."

"Su wa? Mutanen da ka yi shekaru kana ci wa mutunci? Jira suke yi, Norbert. Ni ma da ba ciki ɗaya muka fito ba, da ina cikin masu jiran."

Ya ture kwanon miyar, ya ce ta yi gishiri. Ta ɗauki jakarta ta buga ƙofa.

Ya yi ta juyi da maganar kwana da kwanaki. Ya tsaya gaban madubi ya gwada faɗar ta, ta maƙale. Ya ce a ransa Cyrille ba zai iya ba, sai ya tuna kyawawan bindigogin da ya ga sun fito daga shagon nan suna sheƙi kamar cokali, ya san zai iya, har da fito. Yana tsoron ƙungiya, amma idan ya rufe ido injin yake gani yana cin wutsiyar kifin.

Liyafar ranar Lahadi ce da rana, a ɗakin bayan mashaya. An jera tebura, an kawo curin nama cikin miyar zaƙi da soyayyen dankali, kwalaben peket, barasar yankin, suna zagayawa. Cyrille, da yake ba shi da izinin shiga, yana zaune a gaban kanta ta waje, ana hango ƙeyarsa ta ƙofa, ɗan akwati a kan cinyarsa. Da aka kusa gama ci, Norbert ya miƙe ya buga cokali a kofi. Mutane suka yi guntun tsaki, sun ɗauka wani zai sake shan wanki.

"Shugaba, ina da magana."

Shugaban ƙungiya, wani mai shagon takalma da ake kira Delhez, ya goge baki ya ce bismillah da hannu.

"Shekarun baya na ce haruffan da ke kan bindigar Cyrille jabu ne." Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa, har na ƙarshen tebur ya ce a ɗaga. Ya ɗaga. "Ba jabu ba ne. Haushinsa nake ji, shi ya sa na faɗa. Na janye."

Delhez ya dube shi ta saman tabarau.

"Norbert, ka san abin da kake faɗa? Ni ma na ga haruffan nan."

"Ka gani da idona ne. Na ce na janye."

Sai wani tsoho mai suna Pirnay, wanda ya yi aikin jirgin ƙasa, ya ajiye cokalinsa a hankali. "To tawa fa? Wadda ka ce ko ƙofa ba za ta tokare ba, na bayar da ita kyauta don kunya. Ni ma haushina kake ji?"

"Taka shara ce."

"In ji wa?"

Ɗakin ya ɗauka. Wannan ya tuno tasa, wancan ya tuno ta marigayi ƙaninsa, kowa yana da miki, kowa ya buɗe. Wani ya ce dama shi ya daɗe yana zargi. Ƙarya yake yi, bai taɓa zargin komai ba, amma ranar ta zama ta kowa. Norbert yana tsaye yana shan zagi, kunnuwansa sun yi ja. Ana cikin haka Cyrille ya shigo yana gaisawa da mutane hannu bibbiyu kamar ango, ya dire akwatin a gaban Norbert, ya ja kujerar Norbert ɗin ya zauna, ya jawo farantinsa ya ci gaba da cin dankalin da ya rage.

"Ka ga, ɗan'uwa, ba ta kashe ka ba," ya ce da cikakken baki. "Gaskiya daɗi gare ta."

Norbert ya rungumi akwatin ya fita. Ba wanda ya ce ya dawo.

Kada a rage masa, ya yi farin ciki. A teburin kicin ya kwance ƙotar da hannunsa, ya ajiye ƙarfen kusa da injin niƙa kofi, kifi biyu suna duban juna, iri ɗaya sak har karkacewar wutsiya. Ya yi kuka, shi kaɗai, irin kukan tsohon da ya manta yadda ake yi. Da Ghislaine ta zo ran Alhamis har ya ce miyar ta yi daɗi, ta tsaya tana dubansa kamar ba shi da lafiya. Ya sauke bindigogin da ke saman murhu duka, ya rataye wannan ita kaɗai.

Ƙofarsa kuwa ta yi shiru. Mako ya bi mako ba wanda ya ƙwanƙwasa. Ya ce ko oho, hutu ya samu. Da babbar kasuwar zauren wasanni ta zagayo, ya ɗauki bindigar a akwati ya tafi, don abin da ka nema tsawon rai ba ka iya riƙe shi kai kaɗai, ko da kai Norbert ne. Ya zauna a kujerarsa ta kullum a bakin ƙofa. Masu saye suna wucewa da ƙunshinsu a hammata, su kau da kai. Da ya gaji ya tare Delhez, ya buɗe masa ƙotar, ya miƙa masa gilashi.

Delhez ya duba, ya mayar. "Kyakkyawan kifi. Daga hannun wa ka ce ta fito?"

"Ka sani."

"To." Ya yi ɗan murmushi, ya dafa masa kafaɗa, abin da bai taɓa kuskura ya yi ba a da. "In dai kai ka gamsu, ai shi ke nan."

Teburin Cyrille yana tsakiyar zaure, wuri mai kyau, kaya suna ta walƙiya, mutane sun yi cincirindo. Norbert bai yi niyyar zuwa ba, ƙafarsa ce ta kai shi. Cyrille ya gan shi, ya yi masa fara'a, ya sa hannu a aljihun riga ya fiddo wani ɗan ƙarfe mai tsawon yatsa, baƙi, kansa ya baje don shan guduma. Ya hau sakace farce da shi.

"Mene ne wannan?" in ji Norbert, ko da yake ya riga ya san amsar.

"Wannan? Tarkacen gado. Da aka raba kayan maƙera, ku kuka ɗauki injin kofi, babana ya ɗauki akwatin kayan aiki. Ba wanda ya tambaye mu abin da ke ciki." Ya juyo bakin ƙarfen ya nuna masa. Kifi ne a juye, wutsiya a karkace. Ƙarfen buga tambarin Toussaint ne, na ainihi. "Har yanzu yana ci, ka san aikin mutanen dā."

Hayaniyar zauren ta yi nisa a kunnen Norbert. Ya riƙe gefen tebur.

"Kai ka buga shi?"

"Wanne?"

"Kada ka raina mini hankali. Na jikin bindigar. Toussaint ne ya buga ko kai?"

"Ni da ban iya komai ba sai goge bamba?"

"Tsatsa tana cikin ramin. Na gani."

"To ka gani. Ko da yake a shagona akwai ruwan da ke cire tsatsa, akwai kuma mai sa ta, kwana kaɗan ne." Ya ɗaga kafaɗa. "Wataƙila kuma na tsince ta ne da kifinta a wani ƙauye, na ce bari in kai wa ɗan'uwana. Duka biyun suna yiwuwa."

"Cyrille." Wannan ne karo na farko da wani ya ji Norbert Wathelet yana roƙo. "Don darajar iyayenmu. Na ba ka abin da ka nema. Kalma ɗaya."

Cyrille ya daina dariya. Fuskarsa ta koma wata iri, ta tsufa, ta yi sanyi.

"'Yata tana tsaye a bayan tebur ran nan, da farantin waina a hannu. Ba ta sake bina kasuwa ba." Ya mayar da ƙarfen aljihu ya danne da tafin hannu. "Kana da gilashi, je ka duba. Ai da bakinka ka gaya wa mutane duk abin da na buga na gaske ne. Matsa, kana tare wa masu saye hanya."

Norbert ya duba. Har yau dubawa yake yi. Kowace safiya yana sauke ta daga saman murhu, ya kwance ƙotar, ya kai ta bakin taga. Wata rana ya ga gefen kifin ya kwanta yadda shekaru kaɗai suke kwantar da ƙarfe, ya sha kofinsa. Wata rana ya ga wani ɗan haske a wutsiyar da bai kamata ya kasance ba, ya wuni bai ci abinci ba. Da bindigar wani ce, da kallo ɗaya ya isa. Tasa ce, idon ya ƙi tsayawa. Ba kuma wanda zai kai wa, don duk kwarin nan mutum ɗaya ne ake kai wa irin wannan tambaya, shi kuwa ya tashi a gaban jama'a ya ce maƙaryaci ne.

Yana zuwa kasuwar bakin kogi ran Lahadi, yana bin layi hannuwansa a baya, amma bai sake sayen bindiga ba. Ghislaine ta tambaye shi ko ya warke ne. Ya ce mata a'a. Ko ya buɗe wata gobe ya tarar da kifi, ƙarfen buga tambarin yana aljihun Cyrille.